Matuƙin da Yake Tsaye a Ƙasa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mahaifina ya koma ranar wata Talata bayan azahar, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Ni ce 'yarsa ta fari. Ni ba marubuciya ba ce, tela ce, kayan makaranta nake ɗinkawa a Kakuri, karatuna kuma bai wuce aji uku na sakandare ba. Amma na ga yadda mantuwa take da sauri a garin nan. A rufe mutum yau, jibi a koma hirar wuta da tsadar mota. Shi ya sa na ce zan rubuta. Zan kuma bi abin daki-daki, don ba na son zance a hargitse.

Zan fara da masu ta'aziyya, tunda su suka fara zuwa.

Gidanmu a Makera yake. Maza a waje ƙarƙashin rumfa, mata a tsakar gida wajen Inna. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Mu ce amin. Daga nan sai kowa ya ɗauko nasa. Wata maƙwabciyarmu ta ce fitilar cajinta da aka ce ta mutu, shi ya tashe ta. Wata ta ce fankarta na nan a shagonsa, ba wai tambaya take ba, ta dai tuna ne. Matar mai unguwa ta ce, "Allah sarki, Malam mai jirgi," ta yi dariya kafin ta tuna inda take, ta rufe baki da mayafi. Abin da na lura shi ne, duk wadda ta ɗan jima sai ta rage murya ta tambayi ta kusa da ita, "Wai an dawo masa da shi kuwa?" Ta kusa ta girgiza kai.

Ni kuwa na kasa zama. An shimfiɗa min tabarma kusa da Inna, amma da na zauna sai in ga buta ba ruwa, ko takalma sun tare ƙofa, ko an ajiye abincin maza inda rana ke bugu. In tashi in gyara. Gwaggona ta ce, "Ke, 'yar mamaci zama take yi." Na ce to. Na zauna, na sake tashi.

Ana cikin haka aka ce ga Baban Narayi. Abokin Baba ne tun suna aiki a masaƙa, Kirista ne, mutumin kudancin jihar nan, dattijo a cocinsu. Da can a layinmu yake. Lokacin da zama ya yi tsami, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa, sai ya koma Narayi, sunan kuma ya bi shi. Ya cire hula ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi wa Inna gaisuwa. Da ya waiwayo ya gan ni tsaye da tsintsiya. Hausarsa irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Hukuma, ka ajiye tsintsiya. Jirgin mutumin nan yana hannun jami'ai har yanzu. Yaya za mu yi?"

Abin da kowa ke raɗa, shi ya faɗe shi a fili. Na ce, "Baba, a bari a share makoki."

Sai in yi bayanin sunan nan kafin in wuce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Ina ƙarama "ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Da na tasa na fara jera masa kayan aiki, sukudireba wajen sukudireba, waya wajen waya, ina hana ƙannena shiga wajen da ruwa a hannu, sai ya raɗa min Hukuma. In na shigo ya ce wa wanda ke wajen, "A ɓoye komai, Hukuma ta iso." Ban taɓa jin haushin sunan ba. A kowane gida sai an samu mai cewa a'a, a namu ni ce.

Yanzu aikinsa. Ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, shi ke kula da wutar injinan saƙa. Ranar da aka rufe masaƙar ya dawo gida da hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a zaure da takalminsa a ƙafa. Bai iya zaman ba. Kafin wata ya ƙare ya mayar da zauren shago: rediyo, fanka, dutsen guga, fitilar caji, duk abin da ke cin wuta. Hannunsa ba ya hutawa. Ko tuwo yake ci, ɗaya hannun na murɗa wata waya. In ya gama gyaran mutane sai ya shiga nasa, kuma nasan ne ya riƙa jawo mana magana.

Na farko da na tuna shi ne gidan rediyo. Ya haɗa wani ɗan akwati da bai fi gwangwanin madara ba, ya ɗaura waya a kan gora ya kafa a rufin ɗaki, ya ce yana so ya ga ko muryarsa za ta kai bakin titi. Ta kai, har ta wuce. Sai ya bar akwatin a kunne ya zagaya bayan gida. Inna ta shigo zaure ba ta gan shi ba, ta tsaya daidai kan makirfo tana faɗa.

"Malam! Tuwon nan sau nawa zan ɗumama? Kai da wayoyinka, wallahi wata rana sai na tattara su na zuba a kwata. Gemu duk ya ƙone da dalma, kamar ba magidanci ba!"

Mai shayin bakin titi yana murɗa rediyonsa yana neman labarai, sai ga Inna. Duk teburin suka ji. Masu wanki da guga suka ji. Har yau in ta wuce akwai tsofaffin da ke ce mata, "Inna, yau ba shiri ne?"

Washegari mai unguwa ya aiko. Ya ce an kawo ƙara, wasu sun ce tasharsu ta ɓace, ta Malam ta danne ta. Na ɗauka Baba zai yi gardama. Bai yi ba. Ya hau rufi da kansa ya sauke gorar. Da na tambaye shi ya ce, "Na shiga ɗakunan mutane ba sallama. Wannan laifi ne, ko da doka ko babu."

Ina so a riƙe wannan, saboda masu cewa Baba ba ya jin magana. Yana ji. Nasa ma'aunin ne daban. Abin da ya shiga gidan wani, ko kunnen wani, ko ya taɓa jikin wani, to an yi laifi. Abin da bai taɓa kowa ba, bai ga dalilin neman izinin wani a kai ba. Ni kuma nawa ma'aunin: in an ce a bari, a bari tukuna, a yi tambaya daga baya. A kan wannan muka yi shekara da shekaru muna ja.

Shi ɗin ma ba wai ba ya kafa doka ba ne. Lasifikar masallacinmu shi ke gyara ta. Ta cocin su Baban Narayi ma in ta lalace, a buhu ake kawo ta, shi ke gyarawa, kuma dukansu bai taɓa karɓar komai ba. Wata rana ta masallaci da ta coci suka haɗu a teburinsa, na same shi yana dariya shi kaɗai. Na ce lafiya? Ya ce, "Na rage musu murya, su duka, daidai wa daida. Akwai masu jinya, akwai jarirai. Allah mai ji ne, ba sai an yi ihu ba." Na ce, "Baba, wa ya ba ka izini?" Ya ce, "Au, Hukuma, wannan ma sai kin sa hannu?" Liman da fasto ba wanda ya taɓa ganewa. Yanzu dai sun ji, sai su yafe masa.

Sai jirgi.

Ban san ranar da abin ya shige shi ba. Ya fara da farin soson nan mara nauyi da ake samu cikin kwalin firji. Ya yanka, ya goge, ya liƙa. Ɗan inji ya ciro daga wani tsohon abu da ya kwance, farfela ya sassaƙa da wuƙa, batir kuma daga matattun kwamfutoci yake tsinto masu sauran rai. Rimot ɗin ma shi ya haɗa, cikin akwatin katako mai 'yan sanduna biyu. Na farkon bai tashi ba, gudu ya yi a ƙasa kamar zabo ya daki katanga. Na biyu ya tashi ya kwana a kan mangwaro. Ban ƙirga waɗanda suka karye ba. Na ƙarshe shi ne wanda ake magana a kai. Fukafukansa sun kusa tsawon hannuwana a buɗe, ƙashinsa na siririn katako, kuma ni na yi masa riga. Baba ya zo shagona ya tsaya yana shafa yadin shafi, wanda nake sa wa cikin riguna. Ya ce, "Hukuma, wannan ba shi da nauyi." Na ce na sani. Ya ce, "Ja nake so, saboda idon mutumin Narayi." Na auna, na yanka, na yi masa ɗinki ƙanana, ya ja yadin ya ɗame, ya shafe shi da gam. Ban ce ina goyon baya ba. Na dai ce in za a yi abu, a yi shi daidai.

Idon Baba ya riga ya yi rauni, ba ya hangen nesa. Baban Narayi kuma hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe rimot. Sai suka raba aiki, ɗaya hannu, ɗaya ido. Asabar da safe suke fita, don Juma'a ta Baba ce, Lahadi ta abokinsa. Na taɓa bin su. Tsofaffi biyu a tsakiyar fili, kawunansu a sama.

"Hagu, Malam, hagu!"

"Hagun wa? Nawa ko na jirgin?"

"Hagu ɗaya ne a duniya, mutumin Makera! Kai, ya tafi, ya tafi gonar mutane!"

"In ka daina ihu zai dawo. Tsoronka yake ji."

Ya kuwa dawo. Ya zagayo, ya yi ƙasa-ƙasa, ya sauka kan ciyawa a gabansu. Baba ya sauke rimot ya dube ni. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin a rufe masaƙa.

Matsalar fili ce. Da farko filin ƙwallon ma'aikata suke zuwa, sai aka kewaye shi da katanga aka yanka filaye. Suka koma filin wata makaranta, jirgin ya sauka kan rufin aji, hedimasta ya ce ya isa haka. Baba bai yi musu ba, tunda rufin mutane ne. Gari ya ci gaba da cika, ko'ina bulo, ko'ina wayar wuta. Sai suka riƙa ɗaukar keke mai ƙafa uku suna fita can wajen Rido, inda akwai sauran gonaki da sarari. Nan na ce ban yarda ba.

Na ce, "Baba, na ɗaya, matatar mai na kusa. Na biyu, zamanin nan ba na da ba ne, mutane a tsorace suke, duk abin da ya gifta ta sama sai an ce leƙen asiri ne. Na uku, an faɗa a rediyo, irin waɗannan sai da izini."

Ya ce, "Na huɗu fa?"

Na ce babu.

Ya ce, "To na huɗu, sama ba gonar kowa ba ce. Ba kyamara a jikinsa, ko allura ba ya ɗauka. Shaho ma yana bi ta kan matatar, wa ya kama shi?"

Na ce shaho ba shi da iyali a Makera.

Wata Asabar ina tsakiyar yanka ƙanena ya kira ni, ya ce jami'an tsaro sun tafi da su Baba. Na ajiye almakashi, na rufe shago, muka je. Ba zan faɗi ofishin ba, kuma ba zan ce an wulaƙanta su ba, don ba a yi ba. Na same su a kan benci, an ba su ruwa. Jirgin na kan tebur, ja wur, ya cika teburin, rimot a gefensa. Jami'in da ke wajen matashi ne, bai girmi ƙanena ba, mai ladabi. Ya ce, "Hajiya, mun duba, ba komai a jikinsa. Amma ku ma kun san halin da ake ciki. Mu daga ƙasa ba ma iya raba na Baba da na mugu. In muka ƙyale wannan, gobe wani ya tayar da nasa, me za mu ce?" Na ce gaskiya ne. Har yanzu kuma ina cewa gaskiya ne.

Ya ce abu ɗaya ya rage. An rubuta bayani, Baba ya sa hannu cewa ya tayar da jirgi mara matuƙi ba tare da izini ba, kuma ba zai sake ba sai ya nema. Ya sa hannu, ya ɗauki kayansa, shi ke nan. Ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa. Na ji sanyi a raina, na miƙa wa Baba biro.

Baba ya ce, "Maimaita."

Ya maimaita.

"Jirgi me?"

"Mara matuƙi, Baba."

"To ba nawa ba ne. Nawa yana da matuƙi."

Jami'in ya yi murmushi, ya sunkuya ya leƙa cikin jirgin. "Ina yake?"

"Ga shi zaune kan bencinka yana shan ruwanka."

Baban Narayi ya ce, "Da mataimakinsa!" Na harare shi.

Jami'in ya ce, "Baba, haka sunansa yake a doka. Duk wanda ba mutum a cikinsa, sunan ke nan."

Baba ya ce, "Rashin izini na yarda, ban nema ba, rubuta. Ba zan sake zuwa kusa da matatar ba, shi ma rubuta. Amma kada ka ce ba matuƙi. Jirgin nan bai taɓa juyawa ba sai na juya shi. Da ya faɗo kan ɗan wani, ni za ku kama, ba shi ba. To yaya ga ni da laifi, kuma babu ni?"

Jami'in ya ce ba shi da ikon canja kalmar, daga sama take zuwa. Aka yi ta yi, Baba ya ƙi karɓar biro. A ƙarshe aka sallame su saboda shekarunsu, aka ce jirgin kuma yana nan sai ranar da mai shi ya sa hannu.

A cikin keke ban ce komai ba, don ba na faɗa a gaban direba. Da muka isa gida na jira ya yi salla, ya ci abinci, sannan na shiga zaure na turo ƙofa. Na ce, "Baba, kalma ce fa. Saboda kalma ka baro aikin hannunka, ka bar sunan gidan nan a bakin jami'ai. Ga ƙanena yana neman aiki, in aka bincika aka ga ubansa yana da magana a ofishin tsaro fa?"

Ya daɗe yana juya sukudireba. Ya ce, "Hukuma, zauna." Ban zauna ba. Ya ce, "A masaƙa, in baƙi suka zo zagayawa, sai manaja ya nuna inji ya ce, wannan da kansa yake saƙa. Muna tsaye a gefe, auduga a hancinmu, mu yi murmushi. Ranar da aka rufe, sun bi injinan ɗaya bayan ɗaya sun lulluɓe su da leda kada su lalace. Mu kuwa mai gadi ne ya faɗa mana a bakin ƙofa. An taɓa share ni ban ce komai ba. Wannan karon da hannuna ake so in share kaina."

Na ce, "Wannan daban, wancan daban."

Ya ce, "A wajenki."

Na ce doka ba ta san labarin masaƙa ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. In za a gyara wa kowa kalma saboda abin da ya taɓa samunsa, ba za a gama rubuta doka ko ɗaya ba. Ya ce, "Shi ya sa ke ce Hukuma, ni ne mai gyaran fanka." Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu. In kai masa abinci, ya ce an gode. Inna ta ce mu biyun hali ɗaya gare mu, muka ce a'a a tare.

Bai sake haɗa wani ba. Na ce ya haɗa, mu nemi izinin yadda ake nema, ni zan bi layin, ni zan yi zirga-zirgar. Ya ce a takardar izinin ma ai sunan ɗaya ne. Abin da ya riƙa yi, lokaci-lokaci sai ya sa babbar riga ya tafi ofishin, ya zauna kan benci, ya ce ya zo gaida jirginsa. Suka saba da shi har suna cewa, "Kyaftin ya iso." Jami'in nan ya fito da takardar ya ce, "Baba, yau fa?" Baba ya ce, "An gyara?" Ya ce ba a gyara ba. Ya ce, "To a gaida gida." Ya dawo.

Asabar ta zama masa ranar wahala. Ya shiga zaure ya fito, ya leƙa titi, ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurewa. In jirgin gaske ya wuce sai ya ɗaga kai ko da ba ya ganinsa. Baban Narayi ya zo su zauna a ƙofar gida suna musun daga ina iska ke busowa, alhali ba abin da za su tayar. Ina wucewa ina ganinsu, ina so in ce wani abu, ban san me zan ce ba wanda ban riga na faɗa ba.

Ba zan ce wannan ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, hawan jini kuma ya daɗe da shi. Ya faɗi a zaure, aka kai shi asibiti, ɓari ɗaya ya daina motsi, magana ta yi nauyi. Ina gefen gado ina ta gyara zanen da ba ya buƙatar gyara. Ya kama ni da hannun da ke motsi, ya ce wani abu ban ji ba. Na sunkuya. Ya ce, "Asabar ce?" Na ce, "Litinin ce, Baba." Ya ce to. Washegari ya cika, ya kuma samu kalmar shahada, Inna ta ji da kunnenta, mun gode Allah. Bai yi maganar jirgi ba. Bai ce in karɓo ba, bai ce kada in karɓo ba. Da ya faɗi ɗaya, da na huta.

Bayan an share makoki an naɗe tabarmi, na aika wa Baban Narayi ya zo mu je. A hanya ya ce, "Hukuma, in ka sa hannu a takardan nan, ni ba zan kalla ba." Na ce ya kalli bango.

Jami'in ya miƙe da ya gan mu ba Baba. Na faɗa masa. Ya cire hula ya yi min ta'aziyya, ya ce shi ma ya yi ta mamakin shirun Kyaftin. Ya shiga ciki ya fito da jirgin da kansa, riƙe da hannu biyu. Jan yadin ya yi dauɗa, amma ɗinkin bai saki ba, na duba. Ya ce magaji zai iya sa hannu. Ya ajiye takardar a gabana, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Hajiya, in kina so sai in soke kalmar nan. Ba wanda zai duba. Saboda Baba."

Baban Narayi ya ce, "Yauwa! Soke, ɗana, soke!"

Na karanta takardar daga sama har ƙasa, yadda nake yi wa duk abin da zan sa wa hannu. Turancina ba shi da yawa, amma wannan kalmar na riga na san ta. Na zo kanta na tsaya. Raina ya ɓaci, ban san ko da shi ba ne, ko da Baba, ko da wa.

Na ce, "Ashe ana iya sokewa."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Lokacin da ya kamata a soke, yana zaune kan bencin can. Yanzu bar ta. A lokacin ƙarya ce, shi ya sa ya ƙi. Yau ta zama gaskiya."

Na sa hannu.

Jirgin bai shiga keke ba sai da muka karkata shi, fiffike ɗaya a kan cinyata, ɗaya ya leƙa waje. Da muka hau titi iska ta riƙa kama shi yana neman ɗagawa, ina danne shi da hannu biyu. Direban ya dube mu ta madubi ya ce, "Hajiya, wannan yana tashi kuwa?" Baban Narayi ya kawar da kai yana kallon titi. Na ce, "Yana tashi. Ka kula da hanya."

Ya Allah, ka jiƙan mahaifina. Ka yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi ba da sani ba, ka yalwata masa makwancinsa, don bawanka bai taɓa iya zama a matsatsi ba. Ka ba Inna haƙuri, ka ba abokinsa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, ya taya mu da amin.